Ruwan famfon Kano: wai yana shawuwa kuwa, ko sai an dafa?

Duk shekara da zarar damina ta kankama aka fara jin labarin amai da gudawa a unguwanni, sai wannan tambayar ta dawo: shin ruwan famfon da Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ke turowa mutum zai iya tara kofi ya sha kai tsaye? Wani zai ce maka shi tun yana yaro yake sha ba abin da ya same shi, wani ya ce wallahi ko alwala ba ya so ya yi da shi saboda ranar da ya zo ja wur kamar an dama jar ƙasa, wani kuma dariya zai yi ya ce ku da kuke ganin ruwan ma kenan, mu rabon da famfonmu ya ɗiga tun kafin a yaye autarmu. Kowa cikin ukun nan gaskiyarsa ya faɗa, kuma abin da ya rikita maganar kenan, domin ruwan da ya bar matatar ruwa da ruwan da ya iso famfon gidanka da ruwan da ke cikin randarka, suna iya zama ruwa uku daban-daban duk da daga kogi ɗaya aka ɗebo su.

Me ake nufi da ruwa mai kyau tukuna?

A wurin yawancinmu ruwa mai kyau shi ne wanda yake garau, ba wari, ba ɗanɗano, in da sanyi kuma to shi kenan. Ido da hanci da harshe su ne ɗakin gwajinmu. Matsalar ita ce abubuwan da ke kwantar da mutum ba a ganinsu. Ƙwayar cutar kwalara, da ta taifot, da ta atini, da masu kawo ciwon hanta nau'in A da E, duk za su iya zama cikin ruwan da kana kallon gindin kofi tar ta cikinsa. Haka nan ruwa zai iya zuwa da ɗan launi saboda tsatsar bututu amma ba ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki.

Najeriya tana da ma'auni a rubuce, ba wai kara zube ake ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa a 2007, mai lamba NIS 554, aka sake duba shi a 2015, kuma galibinsa ya bi shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Babban sharaɗi a ciki shi ne in aka ɗebi mililita 100 na ruwa aka gwada, kada a samu ƙwayar E. coli ko guda ɗaya. Sifili ake so. Dalilin da ya sa ita ake nema shi ne a hanjin mutum da na dabba take rayuwa, saboda haka ganinta cikin ruwa shaida ce cewa bayan gida ya samu hanyar shiga ruwan nan, kuma hanyar da ta biyo ita ce kwalara za ta biyo ranar da ta shigo gari. Sai kuma sinadarai: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, kuromiyam da ake jeme fata da shi 0.05, naitiret da ke tsiyayowa daga masai 50. Akwai kuma iyakar gurɓacewar launi, wato yawan laka da ke yawo a ruwan, wadda ita ma ba don kwalliya aka sa ta ba, za mu zo kanta.

Daga Tiga zuwa famfonka

Ruwan famfon birnin Kano ruwan kogi ne mafi yawansa. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ke sako ruwa cikin Kogin Kano. Madatsar Challawa da ke wajen Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ita ke riƙe da Kogin Challawa. Waɗannan madatsun biyu a hannun hukumar tarayya ta kogunan Hadeja da Jama'are suke, ita kuma hukumar ruwa ta jiha sai ta ja daga kogunan ta tace ta tura gari. Tsohuwar matatar Challawa da ke Panshekara tun farkon shekarun 1930 take, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga baya aka yi ta ƙara mata sassa. Sai Tamburawa a hanyar Zariya, inda sabuwar matatar da aka yi zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka tsara ta kan lita miliyan 150 a rana, sai ta Watari mai lita miliyan 75.

Abin da ake yi a matata ba wani sihiri ba ne. Ana jan ruwan kogi da manyan injina, a zuba masa alam, shi alam aikinsa ya tattara ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule su yi nauyi su kwanta ƙasa, sai a bi da ruwan saman ta cikin yashi mai kauri ya tace saura, a daidaita tsaminsa da farar ƙasa, sannan a ƙarshe a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar ita ce kulorin ya samu aƙalla minti 30 yana aiki kafin a tura ruwan, kuma a bar ragowarsa a ciki da gangan, ta yadda har a famfon ƙarshe za a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita, domin wannan ragowar ita ce mai gadin ruwan a kan hanya.

A nan ne laka ke da muhimmanci. Da damina kogi yana zuwa da dagwalo, ruwan ya yi kauri, in ba a ƙara alam daidai da haka ba ko kuma yashin tacewa ya gaji ba a wanke shi ba, laka za ta wuce, ƙwayoyin cuta kuma suna maƙalewa jikin lakar su ɓuya, kulorin ɗin ma lakar ce ke cinye shi kafin ya yi aikinsa. Saboda haka matata tana buƙatar abu uku kullum ba fashi: wuta ko dizal, magani, da ma'aikacin da ke gwaji yana gyara awo. In ɗaya ya yanke ko na yini guda ne, sai an gani a ruwan. Jami'an gwamnatin jihar su da kansu sun sha faɗa cewa dizal da kuɗin wuta da magani su ne ke lashe mafi yawan abin da ake kashewa a harkar ruwa, to ka ga kenan tsadar dizal ba yawan ruwa kaɗai take taɓawa ba, har ingancinsa.

Inda ruwan ya fi lalacewa: cikin bututu

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi rashin fahimta, kuma a ganina shi ne gundarin maganar gaba ɗaya. Mutane suna raba ƙorafi biyu, wai akwai matsalar ƙarancin ruwa, akwai kuma matsalar ƙazantar ruwa. Alhali a garin da ruwa ke zuwa yau ya ɗauke kwana uku, ƙarancin shi ne ke haifar da ƙazantar.

Ga yadda abin yake. Bututun da ke cike da ruwa ana turo shi da ƙarfi, ko da ya tsage ko mahaɗarsa ta saki, ruwa ne zai riƙa fita waje, shi ne wanda kake gani yana ɓulɓulowa gefen titi yara na tara bokiti. Asara ce amma ƙazanta ba ta iya shiga, saboda ƙarfin na ciki ya fi na waje. To amma da zarar an kashe inji, ruwa ya janye ya gangara unguwannin da ke kwari, sai bututun ya zama fanko har ma ya riƙa zuƙa, kamar dai yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke, kuma duk abin da ke kwance kusa da wannan tsagar shi zai zuƙa. Yanzu ka tuna inda bututun gidajenmu suke bi. Ka shiga lungunan cikin gari ko Fagge ko Kurna ko Brigade ka leƙa kwata, za ka ga siraran fayif na roba biyar, goma, a jere cikin baƙin ruwan lambatu, wani an ɗaure mahaɗarsa da robar tayar keke, wani da leda, saboda mai gyaran famfo ya ga bin kwata ya fi sauƙi da araha kan a fasa siminti. Ranar da ruwa ya dawo, abin da bututun ya zuƙa cikin kwanakin nan shi ne zai fara fitowa a famfonka, ragowar kulorin ɗin da ya taho da ita kuwa ba za ta iya da wannan lodin ba.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke ƙarawa. Saboda ruwan ba ƙarfi, mai hali sai ya sayo injin ja ya jona kai tsaye jikin layin hukuma, shi ya cika tankinsa na sama, amma ya ƙara rage ƙarfin layin ga maƙwabta, ya kuma ƙara wa bututun zuƙa ko a lokacin da ruwa ke gudu. Wani kuma rami zai haƙa a ƙofar gida ya yanke bututu a can ƙasa don a nan ne kaɗai ruwan ke iya fitowa, ruwan sama ya zo ya cika ramin da shara da kashin awaki, bakin bututun yana buɗe a ciki. Ba mugunta ba ce, neman ruwa ne, amma sakamakon ɗaya ne. Ga masu jona layi ta bayan fage cikin dare waɗanda ba wanda ya duba aikinsu. Ga aikin titi da na magudana da ke fasa manyan layuka, wani lokacin a binne ba a gyara da kyau ba. Ga kuma tsufa, don akwai layukan da aka shimfiɗa lokacin da birnin bai kai rubu'in yadda yake yanzu ba.

Ka yi lissafi ma da kanka. Ƙiyasi na nuna mutanen birnin Kano da kewaye sun haura miliyan 4. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin mutum na buƙatar tsakanin lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. In ka ɗauki 100, lita miliyan 400 kenan kullum, ban da masana'antu da asibitoci da makarantu da kasuwanni, ban da wanda ke zubewa a hanya. Matatu kuma ba kullum suke aiki da cikakken ƙarfin da aka tsara su a kai ba. To dole a yi rabo, yau wannan shiyya gobe waccan, kuma duk rabo na nufin bututu zai yi fanko ya sake cika, ya yi fanko ya sake cika. Shi ya sa mutumin da ke kusa da babban layi, wanda ruwansa ke zuwa da ƙarfi kusan kullum, in ya ce maka lafiya lau yake sha ba ƙarya ya yi ba, na ƙarshen layi da ya ce nasa na warin kwata shi ma ba ƙarya ya yi ba.

Kuma wannan ba ciwon ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A garin Flint na jihar Michigan a Amurka, a 2014 aka sauya inda ake jan ruwa aka koma kogin garin ba tare da an sa maganin hana cin bututu ba, ruwan ya riƙa narkar da dalmar tsoffin bututu yana kai wa yara cikin gidaje. A can ma a kan hanya ruwan ya ɗebo gubar.

Warin magani da jan ruwa

Akwai masu cewa ba sa shan ruwan famfo don yana warin magani, sun fi son na rijiya mai daɗi. Gaskiya in ka buɗe famfo ka ji ɗan warin kulorin kaɗan, abin murna ne, alama ce mai gadin ya iso da rai. Adadin da ake sawa a ruwan sha ba ya cutar da mutum, kuma jita-jitar da ake yaɗawa wai yana hana haihuwa ko yana rage ƙarfin namiji ba ta da tushe. Wanda warin ya dama ya zuba a mazubi mai tsabta ya rufe ya bar shi ya ɗan jima, zai ragu. Ruwan famfon da ya kamata ya ba ka tsoro shi ne wanda ya zo bayan dogon ɗaukewa kuma ko alamar warin babu.

Jan ruwa kuma iri biyu ne. Akwai na tsatsa da lakar da ta kwanta cikin bututu, wanda ƙarfin dawowar ruwa ke tayarwa, in ka bar famfo ya zuba na ɗan lokaci sai ya washe. Akwai kuma wanda ko an jima ba ya washewa, musamman tsakiyar damina, wannan yana iya nuna tacewa ce ba ta yi ba ko kuma akwai fashewa babba a layi. Wani lokacin kuma ruwan ya zo fari kamar madara, mutane su ce an cika magani, alhali sau da yawa iska ce kawai, ka zuba a kofin gilas za ka ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu.

Maganar kamfanonin fata

Duk wanda ya san Sharaɗa da Challawa da Bompai ya san warin ruwan da ke fita daga kamfanonin jima. Ana amfani da kuromiyam wajen jeme fata, kuma shekara da shekaru masu bincike a jami'o'i, ciki har da Bayero, suna auna shi da wasu ƙarafa a rafin Salanta da Kogin Challawa, da kuma Getsi da Jakara da ke gangarawa madatsar Wasai. Wannan matsala ce ta gaske, kuma irinta daban ce da ta kwalara: ba ta kwantar da mutum gobe da safe, a hankali take taruwa tana taɓa ƙoda da hanta, kulorin ba ya kashe ta, dafawa ma ba ta cire ta. Alam da yashi suna rage wani ɓangare, amma matata irin ta gargajiya ba don ƙarafan masana'anta aka tsara ta ba, maganin na asali shi ne kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, wanda doka ta riga ta wajabta kuma aikin NESREA ne, wato hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli su tabbatar.

Sai dai in za a yi adalci, waɗanda suka fi shiga haɗarin wannan ruwan su ne masu rijiyoyi a gefen rafukan, da masu noman rani da ke ban ruwan latas da kabeji da shi, da mu masu sayen latas ɗin.

To bohol da garuwa da fiya wata fa?

Nan ne mutane da yawa ke ganin sun tsira. Mafi yawan gidajen birnin yanzu ba famfon hukuma suka dogara da shi ba, ko dai bohol na gida, ko mai garuwa da kurarsa, ko ledar fiya wata don sha. Bohol mai zurfi da aka yi da kyau, aka toshe wuyansa da siminti, sau da yawa ruwansa na da tsabta. Amma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar kusan mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, to a fuloti ɗaya da aka yanka gida huɗu, kowa da masansa kowa da sokawensa, ina za ka samo mita 30? In ka nisanta daga naka ka matsa kusa da na maƙwabci. Daga nan naitiret da ƙwayoyin cuta ke tsiyaya, shi naitiret jarirai ya fi yi wa illa idan ana dama musu madara da ruwan. Kuma ba kulorin a ruwan bohol, ba mai gwada shi, galibi tun ranar da mai haƙa ya ce ga ruwa an samu ba a sake waiwayarsa ba.

Mai garuwa kuma bawan Allah ne da ya rufa wa gari asiri, ba don su ba da abin ya fi haka muni. Amma jarkar da ke kurarsa yaushe rabon a wanke cikinta? Leƙa ka ga kore-koren da ya kama bangonta, ga murfi da ya ɓace an toshe da leda, kuma ba ka san ko daga bohol ya ɗebo ba ko daga fasasshen bututu a gefen titi. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya hau, kuɗin jarka ya bi shi, abin da ke biyo baya kuma ba sai an faɗa ba, gida zai rage ruwan wanke hannu da na wanke-wanke, ko a koma tsohuwar rijiyar da aka daina sha. Fiya wata kuwa NAFDAC ce ke da alhakinsa, akwai masu yi da gaskiya, akwai kuma masu ɗura ruwan bohol kai tsaye a leda su buga lambar da ba tasu ba, ita lambar a jikin leda ba ta tace ruwa.

Akwai wani bincike na ƙasa baki ɗaya da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, suka gwada ruwan sha a gidaje. A wurin ɗiba, fiye da kashi uku cikin huɗu na da E. coli. A cikin gida kuwa, a kofin da za a kai baki, abin ya kai wajen tara cikin goma. Wannan tazarar tsakanin wurin ɗiba da kofi aikinmu ne, ba na hukuma ba: randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsomawa har da hannu, yaro ya fito daga bayi ya zo ya ɗiba, tankin sama da ya shekara ba a wanke ba har ƙadangare ya mutu ciki.

Laifin wa ne?

Hukuma na da hujjojinta kuma ba duka ne kame-kame ba. Za su ce mutane ba sa biyan bil, ana satar layi, ana sace kayan injina, wuta ba ta tsayawa, gari na faɗaɗa ba tsari, unguwa ta cika da gidaje kafin a kai mata bututu ko ɗaya. Jama'a kuma su ce a kan me za mu biya kuɗin iska, wata ya ƙare ruwa bai zo ba sai takarda ta zo. Haka abin ke zagayawa, ba kuɗi ba gyara, ba gyara ba ruwa, ba ruwa ba biya. Abin takaicin shi ne talakan da ya ƙi biyan bil ya koma yana biyan mai garuwa ninkin-ba-ninkin a kan kowace lita, mai kuɗi kuma ya haƙa bohol ya fita daga tsarin gaba ɗaya, to da masu murya suka fita, wa ya rage da zai matsa a gyara? Gwamnatoci na zuwa suna sa hannu kan kwangiloli da rance, har da na hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma kowace gwamnati ta fi son a ɗauke ta hoto gaban sabon inji, don sauya ruɓaɓɓen bututu a lungu ba ya fitowa a talabijin.

Amma akwai abu ɗaya da ni dai ban ga uzuri a kansa ba, shi ne rashin sanar da jama'a sakamakon gwaji. Matata na da ɗakin gwajinta, ma'aunin ƙasa kuma ya ɗora wa hukumomin lafiya aikin sa ido daga waje, don bai kamata mai dafa abinci ya zama shi kaɗai ne mai ɗanɗanawa ya ce ya yi ba. A Amurka doka ta tilasta wa kowane kamfanin ruwa na gari ya fitar da rahoton ingancin ruwansa duk shekara ga masu sha. Mu nan ko wata-wata a karanto a rediyo cewa an gwada famfo kaza a Dorayi da Gwammaja da Hotoro, ga ragowar kulorin da aka samu, ga inda aka ga E. coli, mutanen shiyya kaza ku dafa ruwa sai mun gyara, da ya wadatar. Kuma gwajin ya zama a famfon ƙarshen layi, ba a bakin matata kaɗai ba inda kowa ya san zai yi kyau. Na'urar auna kulorin ta hannu ba ta da wani tsada.

Kada a manta abin da ke kan layi. A 2021 Najeriya ta ga ɓarkewar kwalara da aka daɗe ba a ga irinta ba, waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,500, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Kwalara ce ke shiga labarai, amma gudawar yara ta yau da gobe, wadda ake cewa ai haƙori ne, ita ke cin yara shiru tana hana su girma. 

Kafin a gyara, me mutum zai yi a gidansa?

In ruwa ya dawo bayan ɗaukewa, na farkon nan kada a sha, a tara shi don wanki ko ban ruwan shuka ko bayi, sai ya washe sannan a tari na sha. Na shan kuma, musamman da damina kuma musamman na yara ƙanana da mai ciki da tsofaffi, a dafa shi ya tafasa sosai na minti ɗaya. Na san gas da gawayi sun yi tsada, to ba sai an dafa na wanka ba, na sha kawai, in ma an gama girki a ɗora tukunya kan ragowar garwashi matuƙar zai kai ga tafasa. Wanda ba zai iya ba akwai maganin kulorin na gida irin su WaterGuard da Aquatabs a kemis, a bi awon da ke jiki a jira minti 30. In ruwan na da laka a fara kwantar da ita da alam ko dakakken ƙwallon zogale a tsiyaye, amma a sani cewa waɗannan washe ruwa suke yi, ba su gama kashe ƙwayoyin cuta ba, sai an bi da dafawa ko kulorin. Akwai ma hanyar rana, a cika gorar roba fara garau a kwantar da ita kan kwano a rana mai ƙarfi na awa 6, in da hadari sai kwana biyu, rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Sannan mazubi. Jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai murfi da ɗan famfo a jiki ya fi randar da ake tsoma moɗa, in kuma randar ake so don sanyinta to a rufe ta a ware mata moɗa mai dogon hannu da ba a sha da ita. A wanke tanki lokaci-lokaci. Wanda fayif ɗinsa ke cikin kwata ya haɗa kai da maƙwabta a ɗaga su sama a sauya mahaɗan da aka ɗaure da roba, wannan ɗan aikin zai iya fin komai tasiri a lungu guda. Masu injin ja su tara ruwa a tankin ƙasa tukuna sannan su tura sama, maimakon jona inji jikin layi. Mai bohol, musamman wanda ke sayar wa 'yan garuwa ko ya yi shi sadaka a ƙofar masallaci, ya kai ruwansa a gwada aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan damina ya fi, kuma ya nemi a duba masa E. coli da naitiret, in yana kusa da masana'anta har da kuromiyam da dalma, tunda su sinadarai dafawa ba ta yi musu komai. In kuwa gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama wani a gida, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take da ruwan da aka dafa, a wuce asibiti, a kuma sanar da mai unguwa da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma don a duba layin ko rijiyar da gidajen wurin ke sha.